Ranar da Lardin Kwari Ya Rabu

Likitan ya haura arba'in, furfura ta fara leƙo masa ta gefen kunne, mutanen da ya farke ya ɗinke ba su ƙirguwa, amma a gidan yayansa har yau sunansa Auta. Da safiyar nan ma haka matar Yaya ta kira shi, tana turo masa farantin burodi da ƙwai.

"Auta, lafiya kuwa? Tun ɗazu kake juya cokali a kofi, sukarin ma ya gaji ya narke."

"Lafiya lau, Anti."

"Ƙarya kake. Ni na raine ka, na san fuskar da kake yi in ka fasa wani abu."

Yaya ya yi dariya ta bayan jarida. "Ƙyale shi. Yau kowa cikinsa ya ɗuri ruwa, ba shi kaɗai ba."

"Yau ɗin me za a yi?"

Yaya ya ɗora yatsa a kan leɓe. Ta ja tsaki, ta kwashi butar shayi ta yi kicin tana mita, wai an mai da ita baƙuwa a gidanta, maza biyu suna ci suna sha a gabanta kamar kurame.

Ba wulaƙanci ba ne, rantsuwa ce. Turawan da ke mulkin ƙasar sun ɗaure kayansu za su tafi, sun bar wa larduna shida aikin rubuta kundin da za su zauna a kansa bayan an sauke tuta. Kowane lardi ya turo wakilansa babban birni. Aka zuba su a zauren jarrabawa na jami'a, aka rufe tagogi duk da zafin da ake yi, aka sa kowa ya ɗaga hannu ya rantse cewa abin da aka faɗa a ciki ba zai fito ba, ko ga matar aure, ko ga direba.

Yaya shi ne jagoran tawagar Lardin Kwari, lardin da kusan rabin jama'ar ƙasar ke ciki. Babban lauya ne, 'yan jarida sun sa masa Gatari saboda ba ya sara sau biyu. Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe, Yaya ne ya zame masa uba. Shi ya goya shi a keke zuwa makaranta, shi ya zane shi ranar da ya gudu daga aji, shi ya zaɓa masa likitanci, shi ya je neman masa aure. Sunansa ma a cikin tawagar nan, a rediyo Auta ya ji. Yaya ba ya tambayarsa ra'ayi, kamar yadda mutum ba ya tambayar hannunsa ko zai ɗauki cokali. Kuma gaskiya Auta bai taɓa jin haushin hakan ba. Yana son mutumin nan so mai haɗe da tsoro, irin wanda ba ya tsufa.

Rigimar da ta tsayar da taron guda ɗaya ce. Yaya da masu ra'ayinsa suna son gwamnati ɗaya a tsakiya, majalisa ɗaya, kujeru gwargwadon yawan jama'a. Ƙananan larduna kuwa tarayya suke so: kowane lardi ya riƙe majalisarsa da kotunansa da makarantunsa da ƙasarsa ta noma, a bar wa tsakiya soja da kuɗin ƙasa da hulɗa da waje, sannan a yi majalisa ta biyu inda ƙarami da babba za su sami kujeru daidai. Duk lokacin da aka kaɗa ƙuri'a sai a tashi kunnen doki, uku da uku, kuma a dokar taron kunnen doki faɗuwa ne. Jiya mutanen Lardin Tsauni suka ce sun gaji. In ƙudurin ya sake faɗuwa yau, gida za su koma su kafa tasu ƙasar.

Dokar ƙuri'ar ma Yaya ne ya rubuta ta da hannunsa a makon farko. Kowane lardi ƙuri'a ɗaya gare shi. Jagora zai ji bakin 'yan tawagarsa, sannan ya miƙe ya faɗi abin da rinjayensu ya ce. In suka rabu daidai, ƙuri'ar lardin ta mutu, ba a ƙirga ta. Su uku ne a tawagar Kwari, saboda haka ba wanda ya taɓa tunanin za ta rabu. Sai shekaranjiya ma'aikata suka shiga yajin aiki a masana'antar na ukunsu, Mai Masaƙa. Mutumin ya zo yana ta kame-kame, yana so ya tafi yana jin kunyar tambaya. Yaya ya dafa kafaɗarsa.

"Tafi abinka. Ni da Auta ai mutum ɗaya ne."

Tun daga wannan lokacin abinci ya daina yi wa Likita daɗi.

A mota ya gwada. Suna zaune a baya, Yaya yana bin takardun jawabinsa da jan biro.

"Yaya, ina so mu yi magana kafin a shiga."

Yaya ya ɗago ido, ya nuna masa ƙeyar direba da haɓa, ya koma kan takarda. Shi ke nan. Motar ta bi ta gaban gidan waya, ta kewaye kasuwa, ta shiga titin jami'a.

Tun daga nesa suka jiyo hayaniya. Jam'iyya ta kwaso magoya baya daga Kwari a manyan motoci, sun cika bakin ƙofar jami'a da alluna da tutoci. Da suka hango motar sai wurin ya ɗauka: "Gatari! Ƙasa ɗaya! Gatari!" Suna dukan bayan motar da tafin hannu, wani ya manna fuskarsa a gilashi yana washe baki. Yaya ya ɗaga musu hannu. Likita kuwa can gefe yake kallo, ƙarƙashin wata bishiya, inda bas ɗin mutanen Tsauni ke tsaye. An riga an ɗaure akwatuna a samanta da igiya, an lulluɓe da tamfol. Direbanta yana duba mai.

A barandar zauren ya yi kiciɓis da jagorar Tsauni. Kowa Sista yake ce mata, don ta daɗe tana shugabantar ma'aikatan jinya kafin siyasa ta ja ta. A ƙarƙashin kulawarta Likita ya fara aiki, a wani ƙaramin asibiti can saman tsauni, inda ya shafe shekarun ƙuruciyarsa na aiki. Gajeriya ce, ga faɗa, ga tsabta kamar a lashe.

"Likita, ka rame."

"Sista, da gaske tafiya za ku yi?"

"Ka taɓa ganin na ɗaure kaya da wasa?" Ta gyara zaman tabarau. "Ba zan roƙe ka komai ba, kada ma ka sa a ranka. Na san wanda ya raine ka. In mun tafi ka riƙa leƙo mu, in sun bar hanya a buɗe."

Ta wuce. Da ta roƙe shi ma da ya fi masa sauƙi.

Shi ya san abin da ke damun mutanenta, don da idonsa ya gani. A asibitin nan janareto ya taɓa lalacewa, sai da aka rubuta wa babban birni neman izinin gyara, amsa ba ta zo ba sai bayan damina, kuma amsar tambaya ce: wane irin janareto? A tsakanin nan da fitilar hannu yake tiyata, Sista tana haska masa. Ba mugunta ba ce ta mutanen birni, nisa ne kawai. Wanda bai taɓa hawa tsaunin ba shi ke yanke hukuncin yadda za a rayu a kansa. Amma ba wannan ne ya hana shi cin ƙwai da safe ba. Jiya da la'asar, a falon Yaya, ya ji manyan jam'iyya suna hira, wani mai ƙaton tumbi ya ce, yana ɓare lemo, "Su tafi mana. Wata ɗaya ya isa soja su dawo da su." Aka yi dariya. Likita ya taɓa ciro harsashi daga cikin mutum, ya san yadda ake dawo da mutane.

Ya sami Yaya a ƙaramin ofishin da aka ware wa tawagarsu, yana tsaye gaban gilashin taga yana gyara wuyan riga. Likita ya turo ƙofa ya jingina da ita.

"Yaya, mutanen nan tafiya za su yi."

"Barazana ce."

"Na san matar nan. Ba ta barazana."

"To su tafi su ci duwatsu. Ba su da tashar jirgi, ba su da masana'anta, gishiri ma daga wajenmu suke saye. Kafin shekara za su dawo da ƙafarsu."

"In ba su dawo ba fa?"

Yaya ya juyo. Bai yi fushi ba tukuna, kallon malami yake masa. "Zauna, Auta."

Likita ya zauna, kamar kullum.

"Kana ganin son mulki ne ke damuna? Saurara. In aka yi majalisar da suke so, mutum ɗaya a Tsauni nauyinsa ya kai na mutum goma a Kwari. Je ka gaya wa matar da ke surfe a unguwarmu cewa ƙuri'arta gutsure ce, ta wani kuwa cikakkiya, don kawai shi a kan dutse aka haife shi. Wannan adalci ne? Na biyu, ka ba kowane lardi majalisa da kotu da gwamna, ka haifi ƙananan ƙasashe shida masu jiran ranar rabuwa. Yau muna raye muna riƙe da su. Jikokinmu fa? Ni gida nake so in gina, ba rumfunan kasuwa ba."

Abin haushin shi ne Yaya bai yi ƙarya ba. Likita ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya yi makonni yana zaune a bayansa yana gyaɗa kai.

"Na ji, Yaya. Amma gidan da aka kulle mutum a ciki da bindiga…"

"Wa ya yi maganar bindiga?"

"Jiya a falonka."

"Surutun masu tumbi." Ya yarfar da hannu. "Ina raye ba mai harba ko da harsashi ɗaya."

"In ba ka raye fa? Yaya, ni dai zuciyata ba ta kwanta da a'a ɗin nan ba. Ina ganin ni…"

Aka buga ƙararrawar shiga. Yaya ya kwashi takardunsa, ya zo ya dafa kansa, kan da ke da furfura, ya ɗan girgiza shi kamar na yaro.

"Tausayi ne ya yi maka yawa, shi ya sa na kai ka likitanci ban kai ka lauya ba. Ka zauna a bayana kawai. In an gama zan kai ka ka sha iska."

Ya fita. Likita ya bi bayansa yana jin haushin kansa. Ya faɗa ko bai faɗa ba? Ya buɗe baki dai, amma maganar ba ta fito da ƙafafunta ba, kuma ko ta fito Yaya ba shi da kunnen jin ta daga wannan bakin.

Zauren ya yi zafi kamar gidan burodi. Fankoki biyu ne ke aiki, ta uku tana juyi tana ƙara ba iska. Teburan jarrabawa ne aka jera rukuni shida, har yanzu da zanen biron ɗalibai a jikinsu. Kujerar Mai Masaƙa tana nan wayam a hagun Likita. Shugaban taro, tsohon alƙali mai rawar hannu, ya buga guduma ya ce kowane ɓangare ya yi maganar ƙarshe a taƙaice.

Sista ta miƙe, ba takarda a hannunta. Ta ce su ba su zo neman sadaka ba. Sun yarda su ba da sojansu da iyakarsu da tutarsu, su shiga ƙasa ɗaya da kowa, amma ba za su ba da makarantar 'ya'yansu da gonar kakanninsu ga majalisar da ko sun haɗu kaf ɗinsu ba za su iya hana ta komai ba. "Mun sha mulkin nesa," in ji ta. "Sauya masa launin fata bai sa ya matso kusa ba." Ta zauna.

Sai Gatari ya tashi. Wanda bai ga Yaya yana jawabi ba bai ga magana ba. Ya fara a hankali har sai mutane sun miƙo wuya, ya hau, ya sauka, ya kawo lissafin jama'a, ya kawo tarihin ƙasashen da suka tsage, ya juya ga mutanen Tsauni ya kira su 'yan uwa har muryarsa ta yi rawa. Likita yana zaune a bayansa yana kallon gumin da ya jiƙa bayan rigarsa, yana jin alfaharin nan da ya saba ji tun yana yaro, wai wannan yayansa ne. Da ya gama, har wasu daga ɓangaren hamayya sai da suka tafa.

"Za a kaɗa ƙuri'a," in ji shugaba. "Ƙudurin kafa tarayya. Akawu, kira larduna."

Akawun ya miƙe da rajista. A kowane tebur jagora ya sunkuya, 'yan tawaga suka haɗa kai suna raɗa.

"Lardin Tsauni."

"E."

"Lardin Tafki."

"E."

"Lardin Bakin Teku."

"A'a."

Likita ya ɗora tafin hannunsa a kan gwiwa. Ya zuba wa ƙeyar Yaya ido yana roƙo a zuci: juyo, Yaya, juyo ka tambaye ni, ko da wasa, in faɗa maka a kunne mu biyu, ka san yadda za ka yi da ni. Yaya yana rufe murfin bironsa.

"Lardin Daji."

"E."

"Lardin Ma'adinai."

"A'a."

Can gefe wani daga mutanen Tsauni ya riga ya ɗora jakarsa a cinya.

"Lardin Kwari."

Yaya ya miƙe, bai waiga ba. "Lardin Kwari ya ce a'a."

Shugaba ya ja numfashi, ya miƙa hannu ga guduma. Sista ta cire tabarau tana ninkewa. Likita bai san lokacin da ya tashi ba, ƙarar kujerarsa ce ta gaya masa, don ta ja baya ta daki teburin da ke bayansa.

"Ranka ya daɗe." Ya ƙara ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, ba a tambaye ni ba."

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar fankar nan maras amfani. Yaya ya waigo a hankali. Fuskarsa ba fushi, mamaki ne zalla, har da ɗan murmushi, kamar yana jiran a ce masa wasa ne.

"Auta, zauna," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ƙafafun Likita suka fara lanƙwashewa da kansu, don sun saba. Ya dafa tebur ya tsaya.

Shugaba ya ajiye guduma. "Jagoran Kwari, ka ji bakin tawagarka kafin ka miƙe?"

Da wani ne da ya ce ya ji. Ƙarya ce ƙarama, kuma rabin zauren zai mara masa baya. Amma Yaya ne ya rubuta dokar, kuma duk taurin kansa bai taɓa yi wa kujerar alƙali ƙarya ba.

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

"To za mu ji yanzu. Kai me ka ce?"

"A'a."

"Wakili na biyu?"

Likita bai kalli shugaba ba, Yaya yake kallo. Ya ga ƙaramin tabon da ke girarsa, ya ga jijiyar wuyansa tana harbawa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"E," ya ce.

Akawu ya sunkuya ya rubuta. Shugaba ya ce da muryar da ba ta nuna komai, "Lardin Kwari ya rabu, ba a ƙirga ƙuri'arsa. Uku sun ce e, biyu sun ce a'a. Ƙudurin ya wuce." Guduma ta sauka.

Zauren ya kaure. Jagoran Bakin Teku yana dukan tebur yana cewa a sake, wani daga Tafki ya rungume na kusa da shi, wani yana ihu sai an jira Mai Masaƙa. Shugaba ya ce doka ba ta san yajin aiki ba, ya ɗage zama zuwa gobe. Yaya ya tattara takardun jawabinsa, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya sa a jaka, ya ja zif. Ya bi ta gaban Likita ya wuce kamar ya wuce ginshiƙi.

Sista ta taho ta tsakiyar mutane. Ta dubi fuskarsa. Ta ɗan matse masa damtse irin yadda take yi wa dangin majinyaci, ta koma wajen mutanenta. Likita bai ji ya yi wani abin kirki ba. Ji yake kamar ya yanke ƙafa don ya ceci rai, kuma ƙafar ta gidansu ce.

Ya fito baranda yana tunanin ko motar ta tafi. Tana nan, direba ya buɗe ƙofar baya yana jira. Yaya kuwa yana gaba, kusa da direba, wurin da bai taɓa zama ba. Likita ya shiga baya shi kaɗai.

"Yaya…"

"Mu je," in ji Yaya ga direba.

Ba su kai ƙofar jami'a ba akawun taro ya fito kan matakala da lasifika, kamar yadda yake yi bayan kowace ƙuri'a. Sakamako kawai ake ba jama'a, lardi bayan lardi, ba a ambatar sunan kowa. Ta gilashi suka jiyo muryarsa tana tsalle a jikin gine-gine. Tsauni e. Tafki e. Da ya kai ga "Kwari ya rabu" maganar ba ta shigi jama'a nan take ba. Daga nan aka yi wata irin kuwwa.

Mutanen nan ba su yi karatun doka ba, amma sun iya lissafin biyu. Kowa ya san Mai Masaƙa yana gida. Kafin direba ya yi wani abu sun rufe ƙofar, sun yanyame motar. Tafin hannun da ke dukan ta da safe ya koma dunƙule.

"Wanne ne? Wa ya sayar da mu?"

"Likitan nan ne! A Tsauni ya zauna, sun shanye shi!"

"A fito da shi!"

Wani ya ja mariƙin ƙofar baya, ya tarar a kulle. Wani ya buga sandar allo a gilashin da ke daidai kan Likita, gilashin ya tsage bai fashe ba. 'Yan sanda huɗu da ke gadi suna can gefe suna hura usur ba mai jin su. Direba ya riƙe sitiyari yana salati.

Likita ya kai hannu zai cire makulli. Shi ya yi, shi zai fita ya faɗa.

"Cire hannunka," in ji Yaya, bai waigo ba.

"Yaya, ni ne na…"

"Rufe mini baki. Yau ka riga ka yi maganarka."

Yaya ya cire agogonsa ya ajiye a gaban mota, ya gyara wuyan riga. Ya ce da direba, "Ina fita za su biyo ni. In hanya ta buɗe ka taka mota, kada ka tsaya ko ya ce ka tsaya. Ka kai shi masaukin likitoci na babban asibiti." Sannan, har yanzu yana kallon gaba, ya ce, "Zan sa a kai maka kayanka. Kada ka zo gidana. Kada ka aiko. In na mutu za a gaya maka."

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya mayar ya rufe da ƙarfi. Mutane suka ɗan ja baya don ganin Gatari. Ya ratsa su ya nufi dakalin ɗakin masu gadi, suka juya suka bi shi kamar yadda ya faɗa. Ya hau, ya ɗaga hannu ɗaya, hayaniyar ta ragu.

"Kuna tambayar wanda ya ce e," ya ce da muryar nan tasa da ba ta bukatar lasifika. "Ni ne. Ni na kori Mai Masaƙa gida don in sami hanya. Yaron can bai san komai ba, abin da kuka aiko shi ya yi shi ya yi. Mai magana ya yi da ni."

Likita ya ji kalmomin sarai ta tsagar gilashi. Ya fizgi makulli, direba ya riga ya kulle ƙofofin daga gaba, motar ta zabura ta cikin gibin da ya buɗe.

"Tsaya! Na ce ka tsaya!"

"Yi haƙuri, Likita," in ji direba, hawaye na bin fuskarsa. "Shi ya ce."

Likita ya juya ya durƙusa a kan kujera yana leƙe ta gilashin baya. Ya ga allunan da ke ɗauke da sunan Gatari suna sauka ƙasa, ya ga takalmin farko ya tashi sama ya sami Yaya a kafaɗa. Yaya bai kare ba, bai sauko ba, yana tsaye yana ci gaba da magana. Bai kalli motar ba ko sau ɗaya har ta sha kwana.